Ina Aka Baro Ƙanwar Aminu?

Makon da ya biyo bayan babbar salla, samarin ƙungiyarmu ta 'yan asalin Azare da ƙasar Katagum mazauna nan Sabo suka ɗaura farin ƙyalle a jikin katangar filin unguwa, suka aro majigi, aka yi karo-karon kuɗin man janareta, muka yi dare uku muna kallo bayan sallar isha'i. Wanda ya shirya abin ɗalibi ne a jami'a, ɗan gidan wani dattijonmu mai sayar da goro. Shi ya zo da fina-finan a kwamfutarsa, shi ne kuma ya riƙe lasifika yana fassara irin yadda ake yi wa fina-finan Indiya, sai dai shi ba ya ƙara gishiri. Da aka ji cewa na ƙasar Filifin ne, yara da mata suka cika wuri tun kafin a idar da salla, a zatonsu wasannin soyayyar nan ne masu dogon zango da ake bi a tauraron ɗan'adam. Ba a yi rabin sa'a ba wurin ya yi tsit.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,000, mutanenta sun haura miliyan 100, galibinsu Kiristoci, da Musulmi a kudanci wajen Mindanao. Suna da manyan kamfanonin fim masu yin na soyayya da barkwanci kamar kowa. A gefe kuma akwai masu yin fim da ɗan abin hannunsu, ba su jiran babban kamfani, su ake kira masu zaman kansu. Tun 1976 wani darakta, Lino Brocka, ya shiga unguwar talakawa ta Tondo a Manila ya yi Insiang. Da kyamarar zamani ta yi araha sai abin ya bunƙasa, musamman daga 2005 da aka fara bikin Cinemalaya, mai ba sabbin daraktoci ɗan jari su yi fim ɗinsu na farko. Da yawa daga cikin abin da suke yi labarin yara ne a gidan da babu. Abin da muka lura da shi tun daren farko kuwa, ba su cika nuna yaron shi kaɗai ba. Kullum da wa, ko ƙane, ko ƙanwa a gefensa.

Da Magnifico aka fara, na darakta Maryo J. de los Reyes, na 2003. Yaro ne da bai kai shekara 10 ba, a wani ƙaramin gari. Ubansa kafinta ne. Wansa, wanda gida ya ɗora wa buri, ya rasa tallafin karatunsa a Manila ya dawo. Ƙanwarsa Helen tana da lalurar ƙwaƙwalwa, ba ta tafiya, ba ta iya magana sosai. Kakarsu kuma likita ya ce sankara ce. Yaron ya ji iyayensa suna lissafin kuɗin jana'iza, wadda a wurinsu sai da akwatin gawa mai tsada, sai ya shiga tsintar guntayen katako yana haɗa wa kakar akwati da kansa. Tsakanin haka yana goye da Helen duk inda za shi, burinsa ya kai ta filin wasan da ake kafawa lokacin bikin gari.

Goyon nan shi ne fim ɗin a wurinmu. Daraktan bai sa kowa ya tsaya ya yi jawabi a kan zumunci ba. Muna ganin yadda yaron yake gyara ta a bayansa in ta zame, da yadda yake ba ta abinci yana goge mata baki, kamar aikin da ya yi sau dubu. Wata daga cikin iyayenmu mata da ke zaune gaba ta ce, "Wannan ai goyon gaske ne, dubi yadda ya tallafe ta." Duk wanda ya tashi a gidan yawa a Chinade ko Madara ya san yaro ɗan shekara bakwai da ƙanensa a ƙugu, uwa tana daka.

Inda muka rabu da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Mota ta buge yaron ya mutu, aka sa shi a akwatin da ya haɗa wa kakarsa, duk mutanen garin da ya yi wa alheri suka hallara, masu gaba suka shirya. An yi kuka a filinmu, har da waɗanda ba mu zaci suna da hawaye ba. Amma da muka koma gida muka sake tunani, sai muka ga an matse mana hawayen ne da ƙarfi. An ƙera yaro marar aibi ko ɗaya, ba ya ƙarya, ba ya fushi, ba ya gajiya da ɗawainiya, sannan aka kashe shi don manya su shiryu. Talauci ba ya mai da yaro waliyyi. Yaron da ke goyon ƙanwarsa wuni guda wata rana zai dire ta a ƙasa ya tafi ƙwallo, ya sha duka a kai. Da an nuna mana wannan ranar da mun fi yarda da sauran. Fim ɗin ya ci lambar yabo a sashen yara na bikin birnin Balin na Jamus a 2004. Jiro Manio, yaron da ya yi wasan, a 2015 jaridun ƙasarsu suka ba da labarin an same shi yana gararamba kwana da kwanaki a filin jirgin saman Manila.

Dare na biyu aka sallami ƙananan yara kafin a sa Children's Show na Roderick Cabrido, na 2014. Wa da ƙane ne, Jun da Al, suna tura keken haya da rana, suna riƙe da kakarsu, uban kuwa ba ya tsinana musu komai. Kuɗin da ke shigowa na gaske daga damben ɓoye yake, inda manya ke zagaye yara suna caca a kansu. Mu da muka san dambe, da kiɗan kalangu da kirari da ƙa'idarsa, abin ya ba mu ƙyama, don wannan ba wasa ba ne, haɗa zakaru ne da 'ya'yan mutane. Faɗan wa da ƙanen a gida, da zagin juna, da yadda kowannensu yake shiga gaban ɗayan in baƙo ya taɓa shi, wannan kam an yi shi daidai, ya fi na Magnifico kama da 'yan uwan da muka sani. Sai dai kyamarar tana daɗewa a kan jini fiye da bukata. Can sai ka ga kai ma ka zama ɗaya daga cikin 'yan cacar, kana jiran ka ga wa zai faɗi.

Su kansu 'yan Filifin sun san da wannan ciwo. Ɗalibin namu ya nuna wa mu 'yan kwamitin mujalla wani fim a shago, don bai dace da fili ba: Ang Babae sa Septic Tank, wato matar cikin ramin masai, na Marlon Rivera, 2011. Barkwanci ne mai ɗaci. Wasu matasa 'yan gata suna zaune a shagon shan gahawa mai sanyi suna tsara fim a kan matar da ke da 'ya'ya bakwai a jujin Payatas, wadda yunwa ta sa za ta miƙa ɗaya ga wani baƙo. Gardamarsu ita ce wane salo ne zai fi kai su bukukuwan Turai. Da suka je unguwar suka ga shara da ƙazanta sai suka hau tsalle don murna, sun sami wurin ɗauka, kafin su juyo an kwance musu mota. Payatas ɗin nan ba ƙirƙira ba ce. A Yulin 2000 tsaunin shara ya rufto a can ya kashe mutum sama da 200.

Mun yi dariya, sannan dariyar ta maƙale, don mun gane fuskokin. Kowa a nan yana da Facebook ko TikTok. Duk azumi sai mun ga an jera marayu da almajirai, an ɗora wa kowa ƙullin shinkafa a ka, an ce su ɗaga su yi godiya, mai bayarwa yana tsaye da babbar riga yana kallon waya. Wasu daga cikin bidiyon nan daga gida ake turo mana su, mu kuma mu tura gaba da "Allah Ya saka". Ba mu ce kada a yi sadaka ba. Muna tambaya ne ko akwai wanda ya taɓa tambayar yaron in yana son a ga fuskarsa a Badun da Ikko da Makka da buhu a ka.

Kada mu yi wa masu kyamara kuɗin goro. Ditsi Carolino ta yi fim na gaskiya, ba wasa ba, mai suna Bunso, wato auta, a kan yara uku da aka kulle tare da manyan fursunoni a yankin Cebu. Masu fafutuka suka yi ta yawo da shi, a 2006 ƙasar ta yi dokar da ta ɗaga shekarun da za a iya kama yaro da laifi daga 9 zuwa 15. Don haka kyamara tana iya aiki, ya danganta da wanda ya riƙe ta da abin da ya je nema.

Wannan ya kawo mu dare na uku, wanda saboda shi muka ɗauki alƙalami. An sa Duniya Juyi Juyi, fim ɗin Hausa da aka yi a Kano a 2011. Almajirai tara ne daga makarantun allo uku suka yi shi. Su suka tsara labari, su suka riƙe kyamara, ɗaya daga cikinsu, Abdullahi Yahaya Sa'ad, shi ne darakta. Wata Bajamushiya mai bincike, Hannah Hoechner, wadda daga baya ta wallafa littafi a kan makarantun allo a 2018, ita ta haɗa aikin da tallafin cibiyar Goethe ta Jamus, ƙwararrun Kannywood kuma suka koya musu sana'ar. Labarin Aminu ne, wanda ubansa ya kawo birni daga ƙauye ya danƙa wa malam. Muna binsa yana neman wurin kwana, da abin da zai ci, da kuɗin sabulu, da inda zai kewaya. Manyan almajirai suna cin zalinsa, gidan da ya samu aiki ana wulaƙanta shi, mutanen unguwa suna yi masa kallon banza. Daga baya ya dace da mai shago na kirki, ya samu aiki, karatun allonsa ya yi kyau, har ya shiga boko.

A wannan dare ɗalibinmu ya ajiye lasifika, babu abin fassarawa. Masu sharhi kuwa suka yi yawa, domin a cikin mazan da ke zaune kan benci, daga masu gadi zuwa 'yan acaba zuwa masu shagon kansu, ba kaɗan ba ne suka yi ƙolo suka yi titibiri, wasu a Kano, wasu a gabas. Wani mai yankan farce ya ce tunda yake kallon fim bai taɓa ganin an tuna cewa almajiri yana bukatar ban-ɗaki ba. Gaskiya ya faɗa. Baƙo in ya zo ɗaukar almajiri, robar bara yake nema da yagaggiyar riga, don su ne ake gani daga titi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar inda za ka tsuguna a unguwar da kowace ƙofa a rufe take gare ka, da zafin a kira ka "kai almajiri" shekara guda a gidan da kake wanke-wanke ba a taɓa tambayar sunanka ba, waɗannan sai wanda ya ɗanɗana. Hoton bai kai na 'yan Filifin kyau ba, sauti yana hawa yana sauka, wasu wuraren wasan yana da tauri. Amma ba inda muka ji kunyar kallon Aminu, ba inda aka mai da shi abin tausayi kawai. Yana da wayo, yana da zuciya, yana da abin da ya zo nema.

Duk da haka muna da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Fim ɗin ya ɗora nauyi a kan mutanen gari: masu ɗaukar aiki, masu kora, masu zagi. Uban da ya kawo yaro ya juya, da tsarin da ya sa malami ɗaya ke riƙe da yaran da ba zai iya ciyarwa ba, an bi ta gefensu a hankali. Mun fahimci dalili. Waɗanda suka yi fim ɗin, in an tashi daga ɗauka zauren malam za su koma su kwana, kuma sun gaji da jin ana zagin iyayensu a rediyo. Wanda ake yi wa gori ba ya fito da wankin gidansu waje. Amma mu masu kallo ba mu da wannan uzuri. Sannan mafitar da aka ba Aminu sa'a ce. Sunan fim ɗin ma abin da yake faɗa ke nan, yau gare ka gobe ga wani. To masu shago na kirki nawa ne a Kano, almajirai kuma nawa? Wanda bai dace da nasa ba fa?

Ana cikin naɗe tabarmi wata tsohuwa, mutuniyar Gamawa, ta yi tambayar da ta fi duk sharhinmu. Ta ce, "Shi wannan yaro daga sama ya faɗo? Ba shi da ƙanwa ne? Waɗancan na jiya da shekaranjiya kowa da ɗan'uwansa."

Nan ne 'yan Filifin suka fi mu. Kyamarar Duniya Juyi Juyi ta bi Aminu zuwa birni ta zauna tare da shi, waɗanda aka bari a gida ba su ne damuwarta ba. Ba laifin yaran tara ba ne, abin da suka sani suka faɗa. Amma wannan giɓi shi ne ainihin labarin ƙasarmu. A fina-finan Manila talauci yana cusa 'yan uwa a ɗaki ɗaya, su yi faɗa, su raba loma. A ƙasar Katagum rarraba su yake yi. Ku ɗauki gidan manomi a wajen Udubo ko Sakwa ko Itas. An yi kaka, gero da wake ba za su kai wata damina ba. Sai a raba bakin da ke ci. Na tsakiya a haɗa shi da malam, a hau mota a Azare, ko yamma zuwa Kano ko gabas ta Fataskum zuwa Maiduguri. Macen a ɗora mata faranti, gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko awara, ta bi motoci a tasha, ko wata dillaliya ta zo ta tafi da ita aikatau birni, kuɗin wata ana aiko wa uwa don kayan ɗaki. Babban kuma ya ɗauki jaka ya yi kurmi ci-rani.

Babban nan mu ne. Shi ya sa muka ce abin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mai kallo a Kano ko Balin. Yawancinmu wan Aminu ne. Mun zo rani ɗaya, ga shi wasu sun shekara 20. Akwai a cikinmu wanda rabonsa da ƙanen da suke ciki ɗaya tun yaron yana ƙolo, in suka haɗu a kasuwar Azare sai an gabatar. Akwai wanda ƙanwarsa aka aurar yana nan, ya aika da kuɗin katifa ta waya, bai san fuskar mijin ba. Muna cewa ɗan'uwa rabin jiki, muna kuma cewa zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa tana nan tana taka acaba. Kuma kada mu ɓoye, a wasu gidajen unguwar nan akwai 'yan mata ƙanana da aka kawo daga gida "su taya aiki", 'ya'yan masu gidan suna tafiya makaranta da safe su suna bakin murhu. Ƙanwar Aminu ba ta yi nisa ba.

Gwamnati ma da ɗa namijin ta fi sani, don shi ake gani a titi. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka bi da wasu a jihohi. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa, hotunan da muka gani duk daga waje aka ɗauke su, kawuna a jere a bayan mota. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Yarinyar da ke aikatau a bayan katanga ba ta tare wa kowa hanya, don haka ba wanda ya yi mata lodi ko taro.

Kannywood fa? Ba za mu yi mata rashin adalci ba, Daɗin Kowa na Arewa24 ya nuna unguwar talakawa da almajiranta da 'yan tallanta, mutane kuma sun karɓe shi. Amma a yawancin fina-finai talaka ko dai abin dariya ne, ko matakala ce da jarumi zai taka ya shiga gidan bene, 'yar aiki kuma tana shigowa ne ta ajiye faranti ta fita. Masu sana'ar za su ce kasuwa ce, mutum ya wuni cikin wahala ba zai sayi wahala da dare ba. Filinmu ya cika dare uku, kuma na ukun ya fi cika.

Ɗalibin namu ya ce in an yi hutu zai je gida da wayarsa ya gwada. Nan take gardama ta tashi a bakin shagon mai shayi. Wani ya ce ba uban da zai yarda a ɗauki 'yarsa a watsa a duniya, kuma yana da gaskiya, mu ma ba za mu yarda da irin ɗaukar masu buhun shinkafa ba. Wani ya ce ai darasin yaran Kano shi ne ba ɗaukarsu aka yi ba, miƙa musu kayan aka yi, aka koya musu, suka zaɓi abin da za su nuna da abin da za su rufe. In da za a samu malama a Azare, ko a kwalejin ilimi ta Aminu Saleh ko a wata Islamiyya, ta tara 'yan talla tara da yardar iyayensu ta yi musu haka, da mun ji abin da ba mu taɓa ji ba. Mai shayi ya ce wa zai biya kuɗin farantin da ba a sayar ba ranar da suke koyon kyamara? Aka yi shiru, don ko yaran Kano sai da wata cibiya ta Jamus ta ɗauki nauyi. Ma'ajin ƙungiya yana wurin, an dube shi, ya ce a kawo maganar taron wata.

A dare na uku akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba, tana tsaye can baya da farantin gyaɗa a ka, tana kallo tana miƙa ƙulli in an kira ta. Mun san gidan da take aiki, mun san garin da aka ɗauko ta. Wajen tsakiyar fim, lokacin Aminu bai haɗu da mai shagon ba tukuna, ta ƙirga sauran ƙullin da ke farantin, ta ga da yawa, ta juya ta nufi bakin titi wajen masu shayi.